Ina iyakar dokar da za ta hana a soki gwamnati da hukumominta?

Malam Garba, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga lauyoyinmu da malaman jami'a da ke nan, kuma ina roƙon a amsa mini da hujja, a ajiye zafin jam'iyya a gefe. Ba a daɗewa sai a ji wani ɗan majalisa ya kawo ƙudirin da ya ce zai tsaftace kafafen sada zumunta. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo nasa, aka yi masa ca har aka janye shi. A 2019 Sanata Muhammad Sani Musa ya kawo wani kan yaɗa ƙarya a intanet, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya kawo na kalaman ƙiyayya, wanda har hukuncin rataya aka ambata a cikinsa. Babu wanda ya zama doka a cikinsu, amma kama mutane saboda abin da suka rubuta bai tsaya ba. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa ana buƙatar wata doka, domin irin zagin da yaranmu ke yi wa shugabanni a Facebook ya wuce tarbiyyar da aka yi mana. To amma ana ce mini kundin tsarin mulki ya hana. Me ya hana takamaimai, me kuma ya bari?

Barista Hadiza, Kongo: Wa alaikumus salam, Malam. Kundin tsarin mulki na 1999 bai hana yin doka kan magana baki ɗaya ba, amma ya ɗaure hannun mai yin dokar. Sashe na 39 ya ba kowane mutum 'yancin riƙe ra'ayi, da karɓar bayani, da isar da shi ga wasu ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 kuma shi ne ya bar wa majalisa damar taƙaita wannan 'yanci, da sharaɗin cewa dokar tana da hujjar da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, sannan ya lissafa dalilan da aka yarda da su: tsaron ƙasa, amincin jama'a, zaman lafiya da oda, tarbiyyar jama'a, lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu mutane da 'yancinsu. Shi kansa sashe na 39 ya ƙara wasu 'yan kaɗan, wato hana tona bayanin da aka ba mutum bisa amana, kare ikon kotuna da cin gashin kansu, tsara harkar rediyo da talabijin da fina-finai, da kuma taƙaita bakin masu riƙe da muƙaman gwamnati da sojoji da 'yan sanda.

Abin da nake so ku lura da shi, Malam, shi ne abin da babu a wannan jeri. Babu kare martabar gwamna, babu kare sunan wata hukuma, babu hana a ɓata wa mai mulki rai. Duk dokar da ainihin aikinta ke nan ta fita daga da'irar da kundin ya zana, kuma sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin to ta ɓaci daidai gwargwadon karon da ta yi. Akwai ma sashe na 22 da ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin sa ido don gwamnati ta riƙa yi wa jama'a bayanin abin da take yi. Ba a iya kai ƙara da shi shi kaɗai, saboda yana babi na biyu, amma alƙali kan dube shi idan yana fassara sashe na 39.

Malam Garba, Tudun Wada: Na gode, Barista. Amma ga shi da bakinki kin ambaci tarbiyyar jama'a a cikin dalilan da aka yarda da su. Yaro ya zagi dattijo sa'an kakansa a bainar jama'a, wannan ba rashin tarbiyya ba ne?

Barista Hadiza, Kongo: Rashin tarbiyya ne, Malam, kuma ni ma ba zan so ɗana ya yi ba. Sai dai samun dalili a cikin jerin rabin jarrabawar ne kawai. Sauran rabin shi ne a nuna cewa dokar ba ta wuce gona da iri ba, kuma ta fayyace laifin yadda talaka zai san abin da aka hana shi tun kafin ya buɗe baki, domin sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta bayyana shi ta kuma faɗi hukuncinsa. Idan doka ta ce zagin shugaba laifi ne, wa zai raba zagi da suka? Wanda ya ce shugaban ƙaramar hukuma ya kasa, ko ya ce kwamishina ba ya da amana, wanda aka faɗa wa zai ce zaginsa aka yi, kuma shi ne ke da wayar babban jami'in 'yan sanda a aljihunsa.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari: 'Yata Barista, na ji bayaninki kuma ya shiga kunne, amma mu da muka ga abin da baki ya jawo a jihar nan ba za mu ɗauki wannan magana da sauƙi ba. Mun ga rikicin Kaduna na Fabrairun 2000. Mun ga na Nuwamban 2002, wanda rubutun jarida guda ɗaya ya kunna, aka rasa rayuka fiye da 200. Mun ga na bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda har nan Zariya bai ƙyale ba, kuma jita-jitar da aka riƙa turawa ta waya ta ƙara masa wuta. Magana zarar bunu ce. A wancan lokacin ma ba kowa ke da babbar waya ba, balle yanzu da yaro zai zauna a ɗakinsa ya haɗa hoton ƙarya ya ce an kashe mutane a wani gari, kafin la'asar an rufe kasuwa. Idan kundin tsarin mulki ya ce a zuba wa wannan ido, to da sake.

Dakta Lawal, Samaru: Ranka ya daɗe Alhaji, damuwarku gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai raina ta. Amma ina so mu duba tarihin dokokin da aka yi da sunan hana fitina, mu ga wa suka fi kamawa, domin a nan ne ake gane halin doka.

Dokar hana zuga jama'a su bijire wa gwamnati Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta, tun a 1909 a Kudu, kuma manufarta ba ɓoyayya ba ce, jaridun Legas ne suka dame su. A nan Arewa kuwa, a shekarun 1950, kotunan alƙalai na En'e ne suka riƙa ɗaure 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU bisa laifin yin lacca ba izini ko ambaton sarki ta hanyar da fada ba ta so. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha ɗauri sau da dama saboda bakinta, kuma waɗanda suka ɗaure ta sun ce zaman lafiya suke karewa. Yau babban asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi.

Da aka sami 'yancin kai dokar ba ta tafi da Turawa ba. A 1961 Kotun Ƙolin Tarayya ta wancan lokaci ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, a shari'ar Dakta Chike Obi, masanin lissafi da ya raba wata ƙasida mai sukar ministoci. Sai a 1983 iska ta juya. Arthur Nwankwo ya rubuta littafi yana sukar yadda Gwamna Jim Nwobodo ke mulkin tsohuwar jihar Anambara, babbar kotu a Onica ta ɗaure shi wata goma sha biyu, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta sallame shi, ta ce wannan doka ba ta da gurbi a ƙarƙashin tsarin mulkin 1979. Ma'anar abin da Mai Shari'a Olatawura ya faɗa shi ne, masu riƙe da muƙami su zama masu haƙuri da suka, idan kuma marubuci ya wuce iyaka to wanda aka taɓa ya je ya kai ƙarar ɓata suna da kansa, ya ajiye mutuncinsa a gaban kotu a auna.

Ba a cika shekara da wannan hukunci ba soja suka karɓi mulki, suka kafa dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda ta sa buga abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta ba'a ko zubewar mutunci ya zama laifi. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda kan labarin naɗin jakadu. Sai da aka dakatar da sassan tsarin mulki kafin irin wannan doka ta samu wurin zama, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayinta a mulkin farar hula.

Barista Hadiza, Kongo: Allah ya saka da alheri, Dakta. Zan ƙara abu ɗaya don kada wani ya ɗauka an gama da maganar. Hukuncin Nwankwo ya taɓa kundin laifuffuka na Kudu ne, mu kuma a Arewa namu kundin laifuffukan, wato Final Kod, muke bi, har jihar Kaduna ta sabunta nata a 2017. Amma hujjar hukuncin tana kan sashe na 36 da na 41 na tsarin mulkin 1979, waɗanda su ne suka zama 39 da 45 a yau, saboda haka lauya a Zariya yana da damar kafa hujja da shi. Matsalar ita ce majalisa ba ta goge irin waɗannan sassa daga littafin doka ba, shi ya sa har yanzu ake ganinsu a takardun tuhuma.

Baba Alhaji, abin da kuka kwatanta kundin bai ce a zuba masa ido ba. Wanda ya ƙirƙiri labarin kisa don ya tayar da husuma, ko ya kira jama'a su far wa wata ƙabila ko mabiya wani addini, ya faɗa cikin abin da sashe na 45 ya kira amincin jama'a da zaman lafiya, kuma dokokin hukunta shi suna nan tun da daɗewa a Final Kod, har Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila a lokacin kamfe. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki tsoron da muke yi na rikici a rufe bakin wanda ya tambayi inda kuɗin gyaran makarantar firamare suka shiga. Wannan tambaya ba ta taɓa ƙona shagon kowa ba.

Sani, Palladan: Ina gaida iyayena da ke wannan zaure. Anti Barista, mu matasa abin da muka fi jin sunansa shi ne sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet, domin da shi ake yawan yi mana barazana. Na ji an ce wata kotu ta soke shi, na kuma ji an ce har yanzu yana aiki. Wanne ne gaskiya?

Barista Yusuf, Hanwa: Bari in amsa wa Sani, tunda na yi aikin gabatar da ƙara na wasu shekaru. Dokar ta 2015 ce, kuma a yadda aka fara rubuta sashe na 24, aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne don ya ɓata wa wani rai, ko ya wulaƙanta shi, ko ya jefa shi cikin damuwa, laifi ne mai tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi soke shi a 2019. Kotun ECOWAS kuma, a 2020 da 2022, ta ce ya saɓa wa yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da Nijeriya ta sa wa hannu, ta umarci a gyara shi. A Fabrairun 2024 aka yi gyaran, aka cire batun ɓata rai da wulaƙanci, aka bar batsa da kuma ƙaryar da aka yi da nufin rushe doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. Saboda haka sashen yana nan, amma ya tsuke.

Sai dai ina da saɓani da abokiyar aikina a wuri ɗaya. Ana magana kamar duk wanda aka soka gwamna ne ko minista mai tawagar lauyoyi. Mafi yawan waɗanda ake yi wa ƙage a intanet ƙananan jami'ai ne: akawun kotu, shugabar makaranta, ma'ajin ƙaramar hukuma, malamar asibiti. A wayi gari an sa hoton mace an ce ta sace magani, dangin mijinta su gani, masu neman auren 'yarta su gani. Sashe na 45 ya ambaci kare haƙƙin wasu mutane, kuma ita ma mutum ce, karɓar albashin gwamnati bai cire mata mutuncinta ba. A ce mata ta je ta shigar da ƙarar neman diyya, wadda za ta ci shekaru da kuɗin lauya, a kan yaron da ko kuɗin data sai an ba shi, wannan daidai yake da a ce ta haƙura. Shi ya sa nake ganin laifin ɓata suna a Final Kod yana da hujjar zama, muddin ƙarya ce aka yi da gangan a kan wani mutum takamaimai.

Barista Hadiza, Kongo: Barista, misalinka yana da nauyi kuma ba zan yi kamar ban ji shi ba. Amma ka lura da kyau, da kanka ka kawo mutum mai suna da dangi, ba ka kawo hukuma ba, kuma nan ne nake so mu tsaya. Malamar asibiti tana da mutuncin da za a ɓata. Ma'aikatar lafiya kuwa ba ta da surukai, ba ta da 'yar da za a fasa aure, dukiyar jama'a ce da aka kafa da harajinsu, kuma sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun nata. A Ingila, inda muka gaji tsarin shari'armu, kotunsu ta ƙarshe ta yanke a 1993 cewa ƙaramar hukumar Derbyshire ba ta da damar kai ƙarar jarida kan ɓata suna, saboda barin hukuma ta yi hakan da kuɗin jama'a zai tsorata jama'ar su daina sa mata ido. Wannan hukunci bai ɗaure kotunanmu ba, amma hujjarsa tana tafiya daidai da ta Nwankwo. Duk lokacin da na ga takardar tuhuma ta ce wane ya zubar da mutuncin rundunar kaza ko hukumar kaza, nakan tambayi kaina haƙƙin wane mutum ake karewa a nan, domin sashe na 45 mutane ya ambata.

Game da ɗauri kan ɓata suna kuwa, duniya ta fara barinsa. Gana ta soke dokokin nan tun 2001. Ingila da ta koya mana su ta soke nata da dokar 2009. Kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta yanke a Disamban 2014, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ƙasar Burkina Faso, cewa ɗaure shi saboda ya soki mai gabatar da ƙara ya wuce kima, ta kuma ce mai riƙe da muƙami ya kamata ya fi talaka juriyar suka. Kuma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wa ke amfana da wannan doka a aikace? Ba kasafai ake jin an tashi motar 'yan sanda daga wata jiha zuwa wata don an yi wa akawun kotu ƙage ba. Abin da muka gani a Kano a 2022 shi ne matasa biyu masu barkwanci da kotun majistare ta yanke wa bulala ashirin-ashirin da sharar harabar kotu ta kwana talatin saboda bidiyon da suka yi kan gwamna.

Malam Idris, Unguwar Juma: Assalamu alaikum. Na ga ana ta kafa hujja da kotunan Turai, har wani zai zaci sukar mai mulki baƙon abu ne a wurinmu, alhali ba haka ba ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Ya kuma tabbata a hadisi cewa faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba yana daga cikin mafificin jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta laifuffukan sarakunan zamaninsa a fili, irin su haraji na zalunci da cin hanci a wurin shari'a, kuma almajirai suka kwafa suka yaɗa. Malamai sun yi saɓani kan ko nasiha ga shugaba a ɓoye ta fi ko a bayyane, kuma da yawa sun fifita ɓoyewa idan akwai hanyar isa gare shi, amma wannan magana ce ta ladabin mai nasiha, ba lasisi ba ce ga shugaba ya ɗaure duk wanda ya yi kuka.

Ɗaya gefen kuma shi ne wanda yaranmu ba su son ji. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bincike idan aka zo mana da labari, kuma wanda ya tura abin da bai tabbatar ba yana da kasonsa na alhaki ko da ba shi ya ƙirƙira ba. Kundin tsarin mulki zai iya kare ka daga ɗan sanda, amma ba zai ɗauke maka haƙƙin wanda ka yi wa ƙage ba.

Malam Garba, Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, wannan ya yi mini daidai da abin da ke raina.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka: Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma tambayata ta shafi mu da ke cikin gwamnati. Barista ta ce an yarda a taƙaita bakin ma'aikata. A wata cibiya da na taɓa aiki, an sha rubuta cewa kayan aiki sun iso alhali ba mu gan su ba, kuma kowa ya yi shiru saboda an ce sirrin ofis ne. Idan wani daga waje ya rubuta sai a ce ƙarya yake yi, ya kawo hujja, ga shi kuma hujjar tana kulle a durowar waɗanda yake zargi. Ta yaya mutum zai tabbatar da gaskiyarsa a irin wannan hali?

Barista Yusuf, Hanwa: Hajiya, kin taɓo wurin da ni da Barista Hadiza ba mu da saɓani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar ya rubuta wa hukuma yana neman takardu ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce kawai, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su su ma. Sashe na 27 na wannan doka kuma ya kare ma'aikacin da ya bayyana abin da ya yi imani da hujja cewa almubazzaranci ne, ko zamba, ko cin amanar ofis, ko haɗari ga lafiyar jama'a, ko da dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan. Taƙaita bakin ma'aikaci an yi shi ne don kada ya zama ɗan kamfe a kujerar aiki ko ya tona abin da zai cutar da tsaro, ba don ya zama mai gadin ɓarna ba. A ganina hukumar da aka nemi bayani ta ƙi bayarwa ba ta da bakin kiran wani maƙaryaci.

Ban sauya ra'ayi kan laifin ɓata suna ba, amma na yarda cewa ɓarnar ta fi yawa kafin a isa gaban alƙali. Ana kama mutum ranar Juma'a da yamma, a karɓe wayarsa, a kai shi wata jiha, a nemi kotun da ba ta da hurumin shari'ar ta tsare shi, bayan makonni a janye ƙarar. Ba a same shi da laifi ba, amma an riga an hukunta shi, kuma duk abokansa sun ɗauki darasi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba ce, sai dai da zarar babban mutum ya kira rigimarsa da sunan laifin intanet, wannan kariya ta zama takarda.

Dakta Lawal, Samaru: Akwai wani abu da 'yan siyasarmu ba su cika tunawa ba. A Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar ba a karɓi izini ba, kuma Janar Buhari da Chuba Okadigbo suna wurin. Jam'iyyar da wasu suka je kotu, har a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa sashe na 39 da na 40. Buharin da aka fesa wa hayaƙi a 2003 shi ne shugaban ƙasa a Yunin 2021 da aka rufe Twitter, aka bar shi a rufe har Janairun 2022, ba tare da wata doka ko umarnin kotu ba, kuma kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce. Ban kawo wannan don in ware mutum ɗaya ba, domin waɗanda suka yi ihu a 2021 wasunsu yanzu suna kan kujera suna yin irin abin da suka yi wa ihu. Haka hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta riƙa cin tashoshi tara, har a Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce mata ita ba kotu ba ce, ba za ta zama mai ƙara kuma mai yanke hukunci ba.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari: Na ji, kuma na gamsu cewa a raba mai tambayar kuɗin jama'a da mai kunna wuta. Amma ina nan kan bakana cewa mai kunna wutar ba a hukunta shi yadda ya kamata, kuma da an riƙa yi da ba a kai ga neman sabuwar doka ba.

Sani, Palladan: Anti Barista, idan aka kama wani abokinmu kan abin da ya rubuta game da aikin wata hukuma, me danginsa za su fara yi, tunda yawancinmu ba mu da lauya?

Barista Hadiza, Kongo: Su fara da sanin inda yake da kuma laifin da aka rubuta masa, domin sashe na 35 ya wajabta a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, kuma yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40 daga inda yake tsare, dole a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, kuma a cikin Zariya babu ofishin 'yan sandan da zai ce kotu ta yi masa nisa. Su adana hoton rubutun yadda yake da kwanan watansa, kada su goge komai, kada kuma su yarda a sa shi karanta takardar neman gafara a gaban kyamara kafin lauya ya gani, domin sau da yawa ita ce ake mayarwa hujjar amsa laifi. Idan aka wuce lokaci ba a kai shi kotu ba, sashe na 46 ya ba da damar shigar da ƙara a Babbar Kotu don tilasta haƙƙinsa, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan'uwansa ko wata ƙungiya ta shigar a madadinsa. Wanda ba shi da kuɗi ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya. Idan kotu ta samu cewa tsarewar ba bisa ƙa'ida ba ce, ƙaramin sashe na 6 na sashe na 35 ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a daga hukumar da ta tsare shi, kuma ya kamata lauyansa ya nemi duka biyun tun a takardar farko.